Yadda Java Ya Gaje Sunan OOP, Aka Manta da Yarukan da Suka Haife Shi

Duk wanda ya taɓa zama ajin koyon rubuta manhaja, a jami'a ne ko a YouTube, ya san yadda darasin OOP, wato object-oriented programming, salon gina manhaja a kan "abu", yake farawa. Malami zai zana Dabba a sama, ya zana Kare da Kyanwa a ƙarƙashinta, ya ce sun yi gado. Daga nan sai ya lissafo ginshiƙai huɗu: killace bayanai, ɓoye sarƙaƙiya, gado, da umarni ɗaya mai amsa iri-iri. Misalan da zai kawo ba za su wuce Java, C++, C# ko Python ba. Haka ma idan gardama ta kaure tsakanin masu son salon da masu ganin ya zame wa sana'ar kaya, waɗannan yarukan ake yabo, su ake zagi. Da wuya ka ji an ambaci Simula, ko Smalltalk, ko Self, ko Eiffel, ko Ada, alhali a cikinsu akwai wanda ya ƙirƙiro aji da gado, akwai kuma wanda a gidansa aka raɗa wa salon suna.

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce sun tsufa, babu mai amfani da su. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. Yaren C na 1972 ne, ya ba Eiffel da Self shekara goma sha wani abu, kuma babu wanda ya manta da shi. Ada kuwa har gobe da shi ake rubuta manhajojin da ke sarrafa jiragen sama da na ƙasa. Ni abin da nake gani shi ne an ɗauki siffar yarukan da suka ci kasuwa aka mai da ita ma'anar OOP, don haka duk yaren da bai yi kama da Java ba sai a ce ba ya ciki. Akwai kuma waɗanda suka yi kama da shi amma aka manta da su duk da haka. Su nasu dalilin daban ne, kuma maganar kuɗi da ta uban gida ce ta fi yawa a cikinsa.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, ga abin a taƙaice. A tsohon salo, bayanai suna gefe guda, umarnin da ke aiki a kansu yana wani gefen, kuma kowane sashe na manhaja yana iya kai hannu ya taɓa kowane bayani. OOP ya ce a haɗa bayanai da ayyukansu a dunƙule ɗaya da ake kira abu. Asusun banki, alal misali, shi ke riƙe da adadin kuɗin da ke cikinsa, shi ya san yadda ake zubawa da cirewa. Sauran sassan manhaja ba sa taɓa adadin, sai dai su nemi asusun ya yi. Aji shi ne tsarin da ake bi a samar da asusu dubu iri ɗaya. Gado kuma shi ne asusun ajiya ya kwashi duk halayen asusu na gama-gari, ya ƙara nasa a kai.

Kura da shan bugu

Aji da gado ba a Amurka aka haife su ba. A birnin Oslo ne, a cibiyar binciken kwamfuta ta ƙasar Norway, inda Kristen Nygaard da Ole-Johan Dahl suka soma aikin Simula a farkon shekarun 1960. Buƙatarsu ita ce su kwaikwayi yadda al'amura ke gudana a zahiri, kamar jiragen ruwa a tasha ko layin mutane masu jiran a sallame su, inda kowane jirgi da kowane mutum yake da halinsa da lokacinsa. Daga nan Simula 67 ya fito a 1967 da aji, da abu, da gado, da damar ƙaramin aji ya sauya aikin da ya gada. Kusan duk abin da malamin nan yake zanawa a allo yana cikinsa.

Amma Simula ya zo ne a zamanin manyan kwamfutoci masu cika ɗaki, daga ƙaramar ƙasa, ba tare da wani katafaren kamfani yana tallata shi ba, kuma mutane suka ɗauke shi a matsayin yaren kwaikwayo kawai. Wani ɗalibi ɗan Denmark, Bjarne Stroustrup, ya yi amfani da shi a aikin digirinsa na uku a Jami'ar Cambridge da ke Ingila. Tsarin ya burge shi, jinkirin ya dame shi. Da ya koma Bell Labs a 1979 sai ya ɗauki ajin Simula ya ɗora a kan C, abin da ya zama C++ a 1983. Kalmomin class, wato aji, da virtual da miliyoyin mutane ke bugawa kullum daga Simula suka zo. An ba Dahl da Nygaard lambar Turing ta 2001, mafi girma a fagen, kuma dukansu suka rasu a 2002, tsakaninsu bai kai wata biyu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Labarin Smalltalk ya fi wannan ɗaure kai, domin shi ya yi suna, ya shiga kasuwa, har ya kusa cin ta. An gina shi a cibiyar Xerox PARC da ke Kaliforniya a shekarun 1970, a hannun Alan Kay, Dan Ingalls, Adele Goldberg da abokan aikinsu. Kay ne ya raɗa wa salon sunan da ake kiran sa da shi yau. A Smalltalk komai abu ne, kuma abin da kawai ke faruwa shi ne aika saƙo. Idan ka rubuta 3 + 4, ka aika wa lamba 3 saƙon ƙari ne tare da 4, ita ta san yadda za ta amsa. Hatta "idan kaza, yi kaza" ba wata doka ce ta musamman a yaren ba, saƙo ne da ake aika wa gaskiya ko ƙarya. Sannan ba ka rubuta kod a fayil ka jira a harhaɗa shi. Kana zaune ne a cikin manhaja mai rai, kana gyara ta tana tafiya. Tagogin da ke hawa kan juna a fuskar kwamfuta, waɗanda Steve Jobs ya gani a ziyararsa ta 1979, a cikin Smalltalk aka nuna masa su. Mujallar Byte ta keɓe masa fitowarta ta Agustan 1981.

A farkon shekarun 1990 bankuna da kamfanonin inshora a Amurka sun rungume shi, IBM ma ta fito da nata mai suna VisualAge. Sai dai lasisinsa na kamfani yana cin dubban daloli ga mutum ɗaya, yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, rubutunsa bai yi kama da C da kowa ya saba da shi ba, kuma duniyarsa mai zaman kanta ba ta jituwa da kayan aikin da aka gina don fayiloli. A 1995 manyan kamfanoni biyu masu sayar da shi, ParcPlace da Digitalk, suka haɗe, haɗewar ba ta yi albarka ba. A wannan shekarar ce kamfanin Sun ya saki Java kyauta, da rubutu mai kama da C++, daidai lokacin da zazzaɓin intanet ya kama kowa. IBM ta juya akala zuwa Java. Cikin 'yan shekaru magana ta ƙare.

Abin da bai ƙare ba shi ne kayan da ya bari. Tsarin MVC, mai raba bayanai da abin da ake nunawa da kuma abin da ke karɓar umarni, wanda masu gina shafukan intanet ke rantsuwa da shi, Trygve Reenskaug ne ya fito da shi a Smalltalk a 1979. JUnit, wanda ya koya wa masu Java gwada kod ɗinsu, an kwaikwayo shi ne daga SUnit da Kent Beck ya rubuta wa Smalltalk. Salon aikin masu rubuta manhaja da ake kira XP, wato Extreme Programming, ya girma ne a wani aikin biyan albashi na kamfanin motoci na Chrysler da aka yi da Smalltalk daga 1996. Scratch da ake koya wa yara, fitowarsa ta farko a 2007 da Squeak aka gina ta, wanda jikan Smalltalk-80 ne. Ruby da Objective-C ba su ɓoye inda suka koyi aika saƙo ba.

Wa ya zana iyakar?

A taron masana OOP da ake kira OOPSLA, na 1987, Peter Wegner na Jami'ar Brown ya gabatar da wani rabe-rabe da ya yi tasiri: yare bai cancanci sunan OOP ba sai yana da abu, da aji, da gado. Wanda yake da abu kaɗai an ba shi matsayi na ƙasa. Rabe-raben ya yi daidai da C++, ya kuma yi daidai da Java da ya zo bayansa. Da makarantu suka karɓa sai ya kafu. A Amurka jarrabawar kimiyyar kwamfuta ta AP, wadda ɗaliban sakandare ke yi, ta bar Pascal ta koma C++ a 1999, sannan Java a 2004. Littattafai suka bi, takardun shaida suka bi, masu tantance ma'aikata suka soma tambayar ginshiƙai huɗu, manhajojin karatun wasu ƙasashe suka kwafa, har da namu. Ginshiƙan nan ba Kay ne ya jera su ba, ba Dahl ba ne. Bayanin Java ne aka sa masa rigar ma'ana.

Shi Kay bai yi shiru ba. A jawabinsa na OOPSLA a 1997 ya ce shi ya ƙirƙiri sunan, kuma ba C++ yake nufi ba. Shekara guda bayan haka ya rubuta cewa ya yi nadamar fifita kalmar abu, domin ta janye hankalin mutane daga babban al'amarin, wato saƙo. A wurinsa salon ya ƙunshi aika saƙo, kowane abu ya ɓoye halin da yake ciki, kuma a jinkirta yanke abin da saƙo zai haifar sai lokacin da manhaja take aiki. Babu aji a jerin, babu gado. Ga abin dariyar: Smalltalk-72, yaren wanda ya raɗa sunan, ba shi da gado sam, sai a Smalltalk-76 aka sa. Idan aka auna shi da ma'aunin da ake koyarwa yau, zai faɗi.

Wanda wannan ma'auni ya fi cuta shi ne Self, da David Ungar da Randall Smith suka ƙirƙira a wajajen 1986. Su sun tambayi kansu ne, me ya sa sai da aji? A Self, idan kana son sabon abu, sai ka kwafi wanda yake nan ka sauya abin da kake so, kamar ka kai wa tela tsohuwar rigarka ka ce ya ɗinka maka irinta amma ya ƙara aljihu. Abin da sabon abu bai sani ba sai ya miƙa wa wani abu da aka sanya masa a matsayin uba. Da Brendan Eich ya haɗa JavaScript a 1995, wannan tsarin ya ɗauka. Shekara ashirin ana ce wa JavaScript ba cikakken OOP ba ne saboda ba shi da aji, har a 2015 aka ƙara masa kalmar class. Ƙarƙashinta kuwa tsarin Self ne yake aiki yadda yake tun farko, murfi kawai aka sa, amma ƙorafin ya lafa. Akwai ƙarin bashi. Dabarun da aka ƙirƙira don Self ya yi sauri, su ne suka shiga injin HotSpot da ya fitar da Java daga zargin rashin sauri, ta hannun mutane irin su Urs Hölzle da Lars Bak, bayan Sun ya sayi ƙaramin kamfanin da suke aiki a 1997. Bak ɗin ne kuma ya jagoranci V8, injin JavaScript na Chrome, a 2008.

CLOS, tsarin abubuwa na yaren Common Lisp, shi laifinsa wani ne. A Java kowane aiki mallakar aji ɗaya ne, kuma abin da aka aika wa umarni shi kaɗai ke yanke wane aiki za a yi. To idan hukuncin ya dogara ga abubuwa biyu fa? Ɗauki kuɗin da za a caje ka na tura kuɗi: ya danganta da irin asusun mai turawa da kuma irin na mai karɓa. A Java sai an yi kewaye da wata dabara da ake kira Visitor, wadda ɗalibai ke haddacewa kamar wata hikima ce. A CLOS aiki ba na kowane aji ba ne, yana tsaye da kansa, yana duba nau'in duk abubuwan da aka ba shi ya zaɓi wanda ya dace. Common Lisp ya samu ƙa'idar hukumar ANSI a 1994, shekara huɗu kafin C++ ya samu tasa ƙa'idar ta duniya. Amma an riga an liƙa wa Lisp takardar yaren masu binciken ƙirƙirarriyar basira da yawan alamar baka-baka a rubutunsa, shi ke nan. Yaren Julia na masu lissafin kimiyya ya ɗauki wannan dabara ya gina kansa a kai, shi ma ba a kawo shi a zancen OOP.

Sai Erlang, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya soma a 1986 don na'urorin haɗa layin tarho, kuma wanda WhatsApp ya gina injinansa a kai. Saƙon WhatsApp da ake turawa daga Kano zuwa Maraɗi ta cikinsa yake bi. Ana jera shi cikin yarukan da ke hamayya da OOP, kuma Joe Armstrong, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙira shi, ya taɓa yin rubutu mai zafi yana sukar salon. Amma dubi yadda yake aiki: dubban ƙananan ma'aikata, kowanne da bayanansa da ba wanda zai iya taɓawa, ba sa hulɗa sai ta saƙo. Daga baya Armstrong da kansa ya ce mai yiwuwa Erlang ne kaɗai yaren OOP na gaskiya. Akwai tsokana a maganar, amma idan ma'aunin Kay aka ɗauka, da wuya a kayar da shi.

Waɗanda suka cika sharaɗi amma aka tsallake su

Ada 95 yana da gado da sauran abin da ake nema, kuma shi ne yaren OOP na farko da hukumar ISO ta yi wa ƙa'ida. Pascal na kamfanin Borland ya samu abubuwa tun 1989, Delphi ya fito a 1995 ya zama makamin masu rubuta manhajojin Windows. Manhajar FL Studio da masu haɗa kiɗa ke amfani da ita da Delphi aka rubuta ta. Anders Hejlsberg, wanda ya jagoranci Delphi, ya koma Microsoft a 1996 ya tsara C#, kuma wanda ya san yarukan biyu zai ga kamannin. COBOL ya samu aji a ƙa'idar 2002, Fortran a ta 2003. Babu ɗaya daga cikinsu da ke shiga zancen.

Dalili na farko, sunan da aka fara sanin yare da shi ba ya goguwa. Pascal na koyarwa ne, COBOL na tsofaffin bankuna ne, Fortran na masu lissafi ne, Ada na sojan Amurka ne, ko da sun sauya sau goma. Na biyu, ma'aunan farin jini ba sa ganin abin da ke bayan katanga. Jadawalin TIOBE yana ƙirga sakamakon injinan bincike ne. GitHub da Stack Overflow, waɗanda dukansu a 2008 suka soma, suna nuna kod da tambayoyin da aka baje a fili. Injiniyan da ke rubuta manhajar birkin jirgin ƙasa ba ya ɗora aikinsa a intanet, ba ya yin bidiyon koyarwa. Rashin ganin sa sai ya koma hujjar cewa babu shi.

Na uku, uban gida. C++ yana da AT&T, mai Bell Labs a lokacin, da dukan jama'ar C a bayansa, Java yana da Sun da IBM sannan Oracle da Android, C# yana da Microsoft. Eiffel, wanda Bafaranshe Bertrand Meyer ya tsara a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin yarukan da aka fi tsarawa da natsuwa, ya kawo tunanin cewa kowane aiki ya bayyana sharaɗin da yake nema da alƙawarin da zai cika, kuma yaren ya riƙa dubawa. Tunanin ya shiga Ada 2012 da wasu yarukan. Shi Eiffel ɗin bai samu babban kamfani ba, ya tsaya a gefe. Objective-C shi ne gwajin da ya fi fito da wannan fili. Brad Cox da Tom Love sun ƙirƙira shi a farkon shekarun 1980, ya yi shekaru kusan ba mai kula shi sai kamfanin NeXT, duk da cewa da shi Tim Berners-Lee ya rubuta burauzar farko a 1990. Apple ya sayi NeXT, aka buɗe wa jama'a rubuta manhajojin iPhone a 2008, sai ga shi TIOBE ta ba shi kambun yaren shekara a 2011 da 2012. Apple ya fito da Swift a 2014, sai ya soma dusashewa. Yaren bai yi wani gagarumin sauyi ba a hawansa da saukarsa.

Ba na cewa duk mantuwar zalunci ce. Wasu daga cikin yarukan nan masu su ne suka kashe musu kasuwa da tsada da rigingimu. Kuma matashin da ke neman aikin da zai ci abinci, Python ko JavaScript ko Java zan ce ya koya, ba Self ba. Matsalar tana fitowa ne wurin muhawara. Yawancin sukar da ake yi wa OOP yau, gado hawa bakwai, aji ashirin don aikin layi biyar, suka ce ga wata al'ada da ta bunƙasa a manyan kamfanoni masu amfani da Java. Hatta littafin Design Patterns na 1994, wanda ake ɗora wa laifin yawanta, ya ba da shawarar a fifita haɗa abubuwa a kan gado, kuma misalansa da C++ da Smalltalk aka yi su. Mai kare salon da mai sukarsa duk suna magana ne a kan reshe ɗaya, kowannensu yana zaton shi ke nan.

Sababbin yaruka sun lura da haka, suka zaɓi su kauce wa sunan. Rust ba shi da gadon aji. Go ma ba shi da shi, amma yana da abubuwa masu ayyukansu, kuma duk abin da ya iya amsa wasu umarni ana karɓar sa ba tare da an tambayi asalinsa ba, hali da ya fi kusa da Smalltalk fiye da Java. A shafin tambayoyi na Go an tambaya ko yaren OOP ne, masu shi suka amsa da "e kuma a'a". Ita kuwa maganar tsada ta daɗe da kaucewa: Pharo da Squeak na Smalltalk, SBCL na Common Lisp, GNAT na Ada, Free Pascal da Lazarus, duk kyauta ake sauke su yanzu. Jama'a ba su dawo ba, domin guraben aiki, da darussa, da tarin kod da wasu suka riga suka rubuta duk sun taru a wani wurin.